Man kanumfari: me ke cikinsa, kuma da gaske yana kashe ƙwayoyin cuta?

Me ke sa harshe ya mutu in an tauna kanumfari?

In ka tsaya wajen masu kayan yaji a babbar kasuwar Maradi, ɗauki ƙwara ɗaya ka danna da farce. Mai kyau za ka ga maiƙo ya tsattsafo. Wannan man ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin busasshen kanumfari, kuma kashi 70 zuwa 90 na man sinadari ɗaya ne, yujinol. Ƙamshin nasa ne, yajin nasa ne, shi ne kuma ke dakusar da jijiya har zogin haƙori ya lafa.

Yaya ake fitar da man?

Da tururi ake turara shi, tururin ya kwaso man, a sanyaya. Ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi. Kanumfarin kansa baƙo ne a Nijar: asalinsa tsibiran Maluku na Indonisiya, ana kuma nomansa sosai a Madagaska da Zanzibar.

Yana kashe ƙwayoyin cuta?

A ɗakin gwaji, ƙwarai. Yujinol yana lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar cutar, abin cikinta ya tsiyaye. An gwada shi a kan Sitafilokokas mai kawo maruru, da E. coli mai kawo gudawa, da Kandida mai sa ƙaiƙayi da farin ruwa. Likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa shi da hodar zinki don ciko na wucin gadi.

To jiƙonsa yana maganin sanyin mata?

Nan ne abin ke damuna. Faranti na gwaji daban, jikin mutum daban. Yujinol ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka jiƙon kwana bai kai ƙarfin abin da aka gwada ba. Kuma abin da muke kira sanyi cututtuka ne iri-iri, kowace da maganinta. Wata in an bar ta tana toshe hanyar ƙwai ta hana haihuwa. Matsi da shi kuwa yana iya ƙona fata mai laushi. Yaya, ki sa a kunu, ki sa a zoɓo, amma in ƙaiƙayi ko wari ya zo, a je a gwada, ke da maigida.

Haƙori fa?

Ɗigo ɗaya na man, a sirka da man gyaɗa, a dangwala da auduga. Tsantsarsa yana ƙona dasashi, kuma ramin haƙorin yana nan sai an cike shi.

Ana ba yara?

Man kam a'a. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu yana iya lalata hantar ƙaramin yaro. A ajiye kwalbar inda hannunsa ba ya kai.