Waiwaye: yadda aka yi ta fama da masai a karkarar Afirka

A zamanin Turawa, tsafta aikin duba-gari ce: ya shiga gida, ya leƙa randa da masai, ya ci tara. Sai dai ƙarfin dokar a birane ya tsaya, ƙauye kuwa daji ne makewayinsa.

Gyaran farko na fasaha ne. A shekarun 1970, a cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, wani masani mai suna Peter Morgan ya ƙirƙiro masai mai bututun iska. Ana kafa bututu mai faɗin milimita 110 zuwa 150, ya zarce rufin da rabin mita, a toshe bakinsa da raga, a bar ɗakin da duhu. Wari ya bi bututu ya fita, ƙuda ya bi hasken sama ya maƙale a raga ya mutu. Da zarar ragar ta yage, ko an bar ƙofa a buɗe, dabarar ta rushe. Ga shi siminti da bulonsa sun fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Daga 1981 zuwa 1990, shekarun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ruwan sha da tsafta, hukumomi sun yi ta gina masai da tallafi. Wasu gidajen ma ɗakin ajiya suka mai da shi.

Sai tsarin wani masani ɗan Indiya mai suna Kamal Kar, tsarin da ya faro a Bangaladash wajen shekarar 2000: ba a ba kowa ko buhun siminti ɗaya, ana zagayawa da mutanen gari inda suke bahaya, su ga yadda ƙuda ke kai kashin kan abincinsu, su haƙa masai da kansu. Tsarin ya yi tasiri. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili.

Inda ake tuntuɓe shi ne damina. Ramin da aka haƙa a rairayi ba tare da ɗaure bakinsa da bulo ko dutse ba, zaftarewa yake yi. Itacen da aka shimfiɗa aka yaɓe da laka, gara ce ke cinye shi. Wanda masansa ya rufta sau biyu, da wuya ya sake haƙawa. Idan kuma ramin bai kai nisan mita 30 daga rijiya ba, ko gindinsa bai bar tazarar mita 1.5 sama da ruwan ƙasa ba, ƙazantar na iya tsiyayewa cikin ruwan sha, amai da gudawa su biyo baya.