Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa ga mai tafiya shi kaɗai

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa balaguro ne da jirgin kansa yake zama masauki da wurin cin abinci da wurin nishaɗi, yana yada zango a tashoshi dabam-dabam na kwanaki ko makonni. Kamfanin P&O na Ingila ya fara sayar da irin wannan tafiya a 1844, sannan a 1900 kamfanin Hamburg America na Jamus, ƙarƙashin Albert Ballin, ya ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise, jirgin farko da aka ƙera domin shaƙatawa kawai. Harkar ta ginu ne a kan ma'aurata da iyalai, don haka mai tafiya shi kaɗai yakan tarar an tsara farashi da ɗakuna ba tare da shi a rai ba.

Farashin gado biyu

Kusan duk farashin da kamfanoni ke tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Wanda ya kama ɗaki shi kaɗai ana ɗora masa ƙarin kuɗi, wanda a manyan jirage yakan kai kashi 100 cikin 100 na kuɗin tafiyar, wato ya biya nasa ya biya na gadon da babu kowa a kai. Dalilin bai tsaya ga kuɗin ɗaki ba. Kaso mai tsoka na ribar kamfani yana fitowa ne daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya hau: abin sha, gidan caca, tausa, hotuna, intanet da rangadin gari idan an tsaya. Gadon da ya tafi fayau aljihu ɗaya ne da ba zai buɗu ba har a dawo. Ta fuskar kasuwanci hujjar tana da ƙarfi, amma ga matafiyin da zai ci abincin mutum ɗaya, ƙarin yana da wuyar haɗiyewa.

Akan sami rangwame a lokacin da jirgi bai cika ba, musamman a tafiyar sauya mazauni, lokacin da jirage ke tsallaka Tekun Atlantika daga Karibiyan zuwa Bahar Rum a wajajen Afrilu, su koma a wajajen Oktoba da Nuwamba. Tafiya ce mai yawan kwanaki a tsakiyar teku, ƙarancin tashoshi, kuma sai mutum ya sayi tikitin jirgin sama na komawa. Wasu kamfanonin jiragen kogi da na yawon yankunan ƙanƙara sukan yafe ƙarin a wasu tafiye-tafiye, ko su haɗa baƙi biyu masu jinsi ɗaya a ɗaki guda.

Ɗakunan mutum ɗaya

Babban sauyi ya zo a 2010, lokacin da kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da jirgin Norwegian Epic mai ɗakuna 128 na mutum ɗaya. Kowanne bai wuce murabba'in mita 9 da ɗoriya ba, ba shi da tagar da ke kallon teku, amma mazaunansa suna da falo nasu na kansu da katinsu kaɗai ke buɗewa, inda ake shan kofi a kuma shirya wa zai ci abincin dare da wa. A shekarar ce jirgin Azura na P&O ya fara aiki da ɗakuna 18 na mutum ɗaya. Royal Caribbean ya biyo baya a 2014 da Quantum of the Seas, har da wasu masu baranda, Cunard kuma ya ƙara ɗakuna 15 a Queen Mary 2 yayin gyaran 2016. Kamfanin Saga na Birtaniya, mai ɗaukar waɗanda suka kai shekara 50, yana ware kaso babba na ɗakunansa ga masu tafiya su kaɗai.

Ɗakunan kaɗan ne a jiragen da ke ɗaukar dubban mutane, shi ya sa suke ƙarewa da wuri, farashinsu ya tashi. Yakan faru ɗakin mutum biyu da aka yi wa rangwame ya fi su araha, ga shi kuma ya fi faɗi.

Zaman jirgi

A nan ne jirgin ruwa ya fi sauran hanyoyin yawon buɗe ido sauƙi ga wanda ba shi da abokin tafiya. Sau ɗaya ake kwance kaya, ba a neman otal a baƙon gari da dare, kuma fuskokin da aka gani yau su za a gani gobe. A tsarin cin abinci na gargajiya akan ba fasinja teburi guda da lokaci guda har ƙarshen tafiya, yana iya neman a zaunar da shi a babban teburi na mutum shida ko takwas. Idan jininsu bai haɗu ba, shugaban ɗakin cin abinci yakan sauya masa. Jadawalin kullum yakan ƙunshi taron masu tafiya su kaɗai, gasar kacici-kacici, lacca da darasin rawa. Cunard ma yana ɗaukar mutanen da aikinsu shi ne rawa da fasinjan da ba shi da abokin rawa. Ƙananan jirage sun fi saurin sabo. A manyan, musamman lokacin hutun makaranta, mutum yana iya shafe mako bai sake haɗuwa da wanda suka yi hira ba. Wanda kuma kaɗaicin ya fito nema, babu mai tilasta masa shiga komai.

Dokoki da tsaro

Yawancin kamfanonin Amurka ba sa barin wanda bai kai shekara 21 ba ya kama ɗaki shi kaɗai, wasu na Turai kuma sun tsaya a 18. Fasfo da biza sun danganta da ƙasar fasinja da tashoshin da za a tsaya, kuma ana iya hana mutum hawa idan bizar tasha ɗaya ta gaza, ko da bai yi niyyar sauka a can ba. Atisayen ceto wajibi ne ga kowa. Bayan hatsarin Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32, an tsaurara SOLAS, dokar duniya ta kare rayuka a teku, yanzu ana yin atisayen kafin tashi ko nan take bayan tashi.

Akwai asibiti a jirgi, amma biya ake yi, kwashe marar lafiya daga tsakiyar teku kuma yana da matuƙar tsada, don haka inshorar tafiya ta fi zama dole ga wanda babu mai tsaya masa. A tasha, jirgi yakan jira rangadin da kamfanin ya shirya idan ya makara, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Agogon jirgi yana iya bambanta da na gari, kuma wanda aka bari a baya shi zai biya kuɗin cim ma jirgin a tasha ta gaba.