Zaɓen ɓangaren kunna wuta a waldar TIG mai wutar AC

Ɓangaren kunnawa saiti ne a injinan zamani na waldar TIG, waldar da ake yi da tsinken ƙarfen tangistan mai jure zafi sosai a ƙarƙashin kariyar iskar gas, da ke tantance ko tsinken tangistan zai kasance pozitif ko negatif a ɗan lokacin da harshen wuta ke kamawa, kafin injin ya shiga juyin AC, wato wutar lantarki mai sauyawa tsakanin pozitif da negatif. Lokacin bai kai ƙiftawar ido ba, ana auna shi da milisakan, amma shi ke sa wuta ta kama nan take ko ta yi ta tartsatsi. Aikin alminiyam da magneziyam ya fi shafa.

Asali

Russell Meredith na kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka ya kammala wannan hanyar walda wajen 1941, da iskar heliyam, don haɗa magneziyam. An sa mata suna Heliarc. Da farko an yi aiki da DC, wutar da ba ta sauya ɓangare, tsinke a pozitif, sai zafi ya riƙa narkar da shi. Da aka mayar da shi negatif ya daure, amma alminiyam ya ƙi, domin ɓawon da iska ke yi masa sai zafi ya haura digiri 2000 yake narkewa, alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana narkewa a 660. AC ta raba gardama: rabin juyi na pozitif yana fasa ɓawon, na negatif yana tura zafi cikin ƙarfe. Tsofaffin injinan taransifoma suna bin juyin wutar layi, wanda a Nijar 50 ne cikin daƙiƙa, don haka wuta na kamawa a duk rabin da ta tarar. Zaɓin ya samu ne da zuwan injinan inbata, masu sarrafa juyin wutar da kansu.

Kunnawa da pozitif

Wasu injina da shi suke fitowa daga masana'anta don AC. Elektaron suna tashi daga ƙarfe su bugi bakin tsinke, ya yi zafi da sauri, tangistan mai zafi kuma ya fi sakin elektaron a juyin da ke biye. A lokaci guda wurin farawa yana wankuwa. Shi ya dace da tsinke mai kauri, milimita 2.4 ko 3.2, da zubabben alminiyam irin murfin injin babur, ko tukwanen da ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai, masu ɓawo da datti.

Illarsa tana kan siririn tsinke. In amfiya, wato ƙarfin wuta, ko lokacin kunnawa ya yi wa na milimita 1.6 yawa, bakin ya dunƙule, wani lokaci ya tofa ɗigon tangistan cikin narkakken ƙarfe, sai an kankare wurin a sake. Kafin a sauya ɓangare gara a fara rage lokacin, sannan amfiyar.

Kunnawa da negatif

Yana kiyaye tsinin tsinke, abin da ake so a siririn falle da cikin kusurwa. Sai dai tsinke mai sanyi ba ya sakin elektaron da sauƙi, wutar kan yi yawo ko ta hau gefen tsinken. Tsinken da aka gauraya da sinadarin lantanam ko seriyam ya fi tsantsar tangistan mai koren baki kamawa ta wannan hanya.



Matsalolin da ake ɗora wa saitin

Sau da yawa laifin na wani wuri ne. Maƙala wayar da ake haɗawa da ƙarfen aiki a kan fenti ko tsatsa tana hana kamawa. Haka tazarar tsinke da ta wuce milimita 2 zuwa 3, ko argon, iskar gas mai kare waldar, da bai riga wuta fita da kamar rabin daƙiƙa ba. A Tawa da Yamai ƙurar hunturu na shiga injin ta raunana tartsatsin kunnawa, iska kuma ta kwashe argon in ana aiki a fili. Ana goge alminiyam da burushin ƙarfe marar tsatsa da aka ware masa shi kaɗai, a share maiko da ruwan sinadarin asitan, a kuma sake wasa tsinken da ya taɓa narkakken ƙarfe kafin a taɓa saitin.