Ma'anar "ana danganta shi da wane" a cinikin tsohuwar libarba

Wanda ya taɓa duba kundin gwanjon tsofaffin bindigogi na Amurka zai ga ana yawan rubuta "attributed to" a ƙarƙashin hoton libarba mai zane, wato ana danganta zanen jikinta da wani gwani. Ma'anarsa ita ce masana sun duba aikin sun ga hannun wane ne, amma babu sa hannunsa kuma babu takardar da ta ambaci sunansa. Hasashe ne na masu ido, kuma kuɗi masu yawa na rataye a kansa.

Dalilin shi ne yawancin masu wannan sana'a a ƙarni na 19 ba sa sa suna a aikinsu. Mutum zai kwashe kwanaki da 'yar guduma da ƙarfe mai tsini yana fitar da ganye mai nannaɗewa a jikin bindiga, a ƙarshe sunan kamfani kaɗai za a gani. Ga kuma gobarar 1864 da ta ci masana'antar bindigogi ta Colt a birnin Hartford, ta tafi da takardu masu yawa. Ko wasiƙar da ma'ajiyar takardun kamfanin ke bai wa mai neman tarihin bindiga yau, sau da yawa iyakarta ta faɗi ranar da aka tura bindigar, da wanda aka tura wa, da cewa an yi mata zane.

To sai a koma ga hannu. Gustave Young, Bajamushen da ya yi wa Colt aiki kafin ya koma kamfanin bindigogi na Smith & Wesson, an san shi da ɓoye kan kare ko na gaggafa a cikin nannaɗin ganye; sai ka kai gilashi kusa za ka ga ɗan ido yana leƙowa. Matsalar ita ce yaran shagonsa ma haka suka koya, shi ya sa masu gaskiya kan ce aikin shagon Young ne kawai.

Louis Daniel Nimschke, wanda ya rasu a 1904, shi ya fi sauƙaƙa wa masu bincike. A New York yake da shagon kansa, dillalai na kawo masa bindigogi ba ado. In ya gama, yakan shafa tawada a kan zanen ya danna takarda, ya liƙa a littafi. Littafin yana gidan tarihi na Metropolitan da ke New York yanzu. Idan zanen libarba ya dace da ɗaya daga cikin takardun nan, layi bisa layi, magana ta kusa ƙarewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke cewa "salon Nimschke" da gangan don mai saye ya ji kamar an ce aikinsa ne. Salon kowa na iya kwaikwaya, har da wanda ya yi wa tsohuwar bindiga sabon zane shekaru 100 bayan an ƙera ta. Irin wannan ana gane shi idan layin zanen ya ratsa ta cikin ramin tsatsa, alamar tsatsar ta riga zanen zuwa.