Addu'ar tunawa: mamaci ake roƙa wa, ko masu rai?

Tun daga kashe-kashen jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos da Barikin Ladi, da wuya mako ya wuce a Jos ba a ji kalmar "addu'ar tunawa" ba. 'Yan siyasa na faɗinta a wajen ta'aziyya, ana bugawa a allunan talla, ana sanarwa a rediyo cewa majami'u za su yi ta ranar Lahadi. Sai mai karanta labarai, don ya sauƙaƙa wa masu sauraro, ya ƙara da cewa "an roƙa wa mamatan gafara a coci-coci", wani ma har ya kira ta sadakar bakwai ta Kirista. Wannan ƙarin shi ne ke ɓata maganar. A yawancin majami'un garin nan ba a roƙa wa mamaci gafara ko kaɗan, kuma ba mantuwa ba ce, da gangan ne.

Bambancin duka yana cikin ƙananan kalmomi biyu, "wa" da "saboda". In ka ce an yi wa wane addu'a, kana nufin shi ne zai ci moriyarta, yana cikin wani hali da roƙonka zai iya sauyawa. In ka ce an gode wa Allah saboda wane, to Allah ake fuskanta, wane kuwa dalilin godiya ne kawai. Majami'un ECWA da COCIN, waɗanda hedkwatocinsu duka suna nan Jos, da Baptist da yawancin ikilisiyoyin da ke ƙarƙashin TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, na biyun suke yi. Hujjarsu Ibraniyawa 9:27, inda aka ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, da kuma Luka 23:43, inda Yesu ya gaya wa ɓarawon da ke kan gicciye cewa a ranar zai kasance tare da shi a Firdausi. In mai bi yana wurin Ubangiji tun ranar da ya cika, me kuma za a roƙa masa? In kuwa bai ba da gaskiya ba, roƙon ikilisiya ba zai buɗe ƙofar da ta rufe ba. Don haka roƙon da ke cikin addu'arsu na gwauruwa ne da marayu da sauran masu rai.

Katolika kuwa suna yin duka biyu, kuma ba sa ɓoyewa. A kowace Misa, a cikin babbar addu'ar da Fada ke yi a kan gurasa da ruwan inabi, akwai wurin da ake roƙon Allah ya tuna da 'yan'uwa da suka yi barci cikin begen tashin matattu. Sun gaskata akwai matakin tsarkakewa, wanda suke kira Purgatori, kuma addu'ar masu rai tana taimakon waɗanda ke cikinsa. Babban taron shugabannin Katolika da aka yi a garin Trent ya tabbatar da wannan koyarwa a 1563. Suna kafa hujja da 2 Makabiyawa sura 12, inda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu. Wannan littafi yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, ba ya cikin wanda ɗan ECWA ke riƙe da shi, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa a teburin mai shayi. Al'adar ma tsohuwa ce: Monika, mahaifiyar Agustin babban malamin ikilisiya, da za ta rasu a garin Ostiya na Italiya a shekara ta 387, ta ce a binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai a riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Ranar 2 ga Nuwamba kuma ta dukan amintattun da suka rigaya ce, washegarin ranar tsarkaka.

Angilika sun tsaya a tsakani. Littafin addu'arsu na 1549 yana da roƙo domin matattu, na 1552 ya cire shi, na 1662 ya dawo da ambatonsu amma a matsayin godiya: a yabi sunan Allah saboda bayinsa da suka bar duniya cikin bangaskiya, a roƙi alherin bin sawunsu. Shekara fiye da ɗari aka ɗauka kafin a daidaita jimla ɗaya. Wanda ya san haka ba zai yi saurin cewa "ai duk ɗaya ne" ba.

Hausa da kanta ta tanadi kalmomin da ke raba waɗannan abubuwa, mu ne ba ma kula. "Mamaci" yana faɗin abin da ya sami mutum ne kawai. "Marigayi" kuwa daga rigaya yake, wato wanda ya riga mu, kamar yadda ake cewa ya riga mu gidan gaskiya. Kalmar tana nuna hanya ɗaya ce, shi yana gaba, mu muna biye. A ganina babu kalmar da ta fi wannan dacewa da bakin mai bi a ranar Lahadi. Sai kuma "barci". Yesu ya ce Li'azaru ya yi barci, an ce Istifanas ya yi barci bayan an jejjefe shi, Bulus kuma a 1 Tasalonikawa 4:13 ya ce kada a yi baƙin ciki a kan masu barci kamar waɗanda ba su da bege. Lura, bai hana baƙin ciki ba, irin baƙin cikin ya bambanta. Kiristocin farko sun riƙe wannan kalma har suka sa wa wurin binne matattunsu suna koimeteriyon da Helenanci, ma'ana ɗakin kwana, kuma daga nan Turanci ya samo sunan makabarta. Bahaushe ma na kiran kabari makwanci. Amma ga inda ƙafa ke zamewa: "Allah ya kyauta makwanci" roƙo ne domin wanda ke kwance. Haka "Allah ya jiƙansa", wato Allah ya ji ƙansa, ya yi masa jinƙai. Haka "Allah ya kai haske kabarinsa". Duk gaisuwa ce mai kyau, kuma ta yi daidai da imanin Musulmi da ke faɗinta, ta kuma yi daidai da na ɗan Katolika. Dattijon COCIN da ya tashi a Gangare ko Nasarawa Gwom da ita ya girma, bakinsa ya saba, sai ya hau bagade ya faɗe ta cikin addu'ar ikilisiyar da ba ta koyar da hakan. A gidan makoki ban ga dalilin tsawata wa kowa a kan gaisuwa ba; maƙwabci ya zo da zuciya ɗaya, a amsa masa da amin ko da "mun gode". A kan bagade ne ya kamata kalma ta yi daidai da abin da ake koyarwa. Can akwai "Ubangiji ya ta'azantar da ku", akwai "Allah ya ba da haƙuri", dukansu suna fuskantar masu rai.

A sujadar Hausa ta mako-mako, wurin wannan addu'a shi ne bayan sanarwa, cikin addu'ar roƙo da fasto ko dattijo ke yi, kafin wa'azi. Iyali su kai sunan ga magatakardan ikilisiya tun ranar Asabar, a rubuce, da cikakken suna da ranar rasuwa da ranar jana'iza in an sa. Wanda zai karanta ya tambayi yadda ake furta sunan. Sunayen Birom da Ngas da Mwaghavul da Tarok suna da karin sautinsu, kuma babu abin da ke ƙona ran gwauruwa kamar a murɗe sunan mijinta a gaban jama'a, ko a ce "shi" alhali mace ce ta rasu. Addu'ar kanta minti biyu zuwa uku ya ishe ta. Ana farawa da ambaton Allah a matsayin mai rayarwa da Ubangijin masu rai da matattu, sai godiya saboda marigayin da suna da kuma abu ɗaya takamaimai na hidimarsa, misali shekarun da ta yi tana buga tulu a Zumuntar Mata ko koyar da yara a makarantar Lahadi. Daga nan a roƙa wa iyali ta'aziyya da biyan bukata, har kuɗin makarantar marayu a ambata, ba abin kunya ba ne. A rufe da begen tashin matattu, galibi da Ru'ya ta Yohanna 14:13, mai cewa masu albarka ne waɗanda suka mutu cikin Ubangiji, za su huta daga wahalarsu. A cocin Katolika tsarin daban ne: iyali na zuwa ofishin coci su sa a yi Misa da niyyar marigayin, a rubuta sunan, a karanta shi a farkon Misa ko cikin addu'o'in jama'a.

Kurakuran da ke faruwa sanannu ne. Mai addu'a ya fara da "Ya Uba", can tsakiya sai ya juya ya ce "Baba, ka huta lafiya, sai mun zo". Ya bar magana da Allah ke nan ya koma magana da mamaci, kuma jama'a sun ce amin ba su lura ba. Wani kuma ya mai da addu'a tarihin rayuwa, ya jero digiri da muƙamai na minti goma, abin da wurinsa jana'iza ne. Mai kuɗi ya samu sakin layi uku, jaririn da ya kwana biyu a duniya ko tsohuwar da ke share coci su samu "da sauransu". Wannan na ƙarshe ya fi ba ni haushi, domin ana gani daga kujerun baya. Sai matsalar wanda ya rasu yana ƙarƙashin horon ikilisiya, ko wanda ya daɗe da barin zuwa sujada: wasu su tsallake sunansa, wasu su yi shelar yana sama. Duka biyun hukunci ne da ba a ba mai addu'a ba. Abin da ya dace a ambace shi, a danƙa al'amarinsa ga Allah mai shari'ar gaskiya, a roƙa wa iyalinsa, domin su suna zaune a wurin suna saurare.

In rasuwar ta hari ce, nauyin ya ninka. Neman adalci da roƙon a kama masu kisa yana cikin addu'a, Zabura cike take da irin wannan kuka. Amma ambaton wata ƙabila ko addini da la'ana a bagade wuta ce, a garin da ya ga rikice-rikicen Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Kuma kada a miƙa wa ɗan siyasa makirufo a tsakiyar addu'a. In yana da gaisuwa, lokacin sanarwa yana nan.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa da wannan addu'a. Shirun minti ɗaya ba addu'ar coci ba ne. Al'adar gwamnati ce da ta bazu daga Ingila, inda aka yi shirun minti biyu ranar 11 ga Nuwamba 1919 don waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, kuma irinta ake gani a Abuja ranar 15 ga Janairu wajen tunawa da 'yan mazan jiya. Sujadar godiya kuma, wadda iyali ke yi yawanci Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, su fito gaba da rawa da baiko, ba sadaka ba ce da ladanta zai isa kabari. Kuɗin na aikin ikilisiya ne, godiyar ta masu rai ce.

Abin da ke damuna a ɓangaren ikilisiyoyin bishara, irin su ECWA da COCIN, shi ne tsoron kada a ce suna yi wa matattu addu'a ya sa da yawa sun daina ambaton marigayansu gaba ɗaya da zarar an rufe kabari. Lahadi biyu, sunan ya ɓace. Alhali koyarwarsu ba ta hana godiya ba, Ibraniyawa sura 11 ma jerin sunayen waɗanda suka rigaya ne daga Habila har annabawa. Magatakarda zai iya ajiye littafi guda mai ranakun rasuwar membobi, kowace Lahadi a karanta sunayen waɗanda shekararsu ta zagayo a wannan mako, a yi godiya da jimla biyu, a sanar da iyali tun kwana bakwai kafin ranar don su samu halarta.