Ina tsoho zai zauna, kuma wa zai kula da shi?

Tsufa a hankali yake zuwa, amma shawarar inda tsoho zai zauna sau da yawa rana ɗaya ake yanke ta: ranar da aka sallamo shi daga asibiti bayan ya faɗi, aka tarar ba zai iya hawa matakalar gidansa ba. Tambayoyin nan gara a yi su tun yana da ƙarfin da zai sa baki a cikin amsarsu.

Me ya sa maganar ta taso yanzu, alhali ba yau aka fara tsufa ba?

Yawa ne da kuma sauri. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1. Ana sa ran su kai biliyan 1.4 a 2030, wato mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya, sannan biliyan 2.1 a 2050. Masu shekara 80 zuwa sama kuwa, waɗanda su suka fi buƙatar a kama musu, za su ninka har sau uku, su kai miliyan 426. Faransa ta yi kusan shekara 150 kafin tsofaffinta su tashi daga kashi 10 zuwa kashi 20 cikin ɗari na jama'arta, amma Birazil da Sin da Indiya shekara 20 da 'yan kai kawai suke da su. Mafi yawan tsofaffin 2050 kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi za su kasance, inda ba kowa ke da fansho ba.

Su kuma masu jinyar raguwa suke yi. Haihuwa ta ja baya a yawancin ƙasashe, 'ya'ya na bin aiki zuwa wasu garuruwa, matan da a da su ke wuni da tsofaffi da yawansu yanzu suna fita nema. Ƙaunar tana nan, mutanen ne ba sa kusa.

Wanne ya fi, zama a gida ko gidan kula da tsofaffi?

Kusan duk inda aka tambayi tsofaffi, mafi yawansu gidansu suke zaɓa, kuma ina ganin suna da gaskiya. A gidansa mutum ya san inda komai yake ko a cikin duhu, maƙwabta sun san shi, shi ke cewa yanzu zai kwanta. Sai dai zama a gida ba da fatar baki yake yiwuwa ba. Tsohuwar da ke bene hawa na uku, babu lif, gwiwa ta ƙi, ta yi wata biyu ba ta sauko ba, sunanta dai tana gida, amma a tsare take.

Danmak na cikin ƙasashen da suka ɗauki wannan batu da gaske tun da wuri. A 1987 ta yi dokar da ta tsayar da gina gidajen tsofaffi irin na da, masu kama da asibiti. A madadinsu aka koma gina ƙananan gidaje, kowa da ɗakinsa da banɗakinsa da wurin girkinsa, ma'aikata su riƙa zuwa inda yake. Darasin shi ne gida da taimako tare ake tsara su. In aka samu ɗaya babu ɗaya, ƙarshenta sai an ɗauke tsohon.

Wane gyara gida ke buƙata?

Gyaran da zai hana faɗuwa, shi ne kan gaba. Mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara a duniya sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na faɗuwa a kowace shekara. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne karayar ƙugu, domin da yawa ba sa komawa tafiya yadda suke kafin ta. Wanda ma bai karye ba tsoro kan kama shi, ya rage motsi, ƙafafu su ƙara sanyi, sai faɗuwa ta gaba ta zo da sauƙi.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Ƙarfe uku na dare fitsari ya matsa wa tsoho. Ya miƙe da sauri, jiri ya ɗebe shi saboda maganin hawan jini ko na barci da ya sha. Maɓallin fitila yana can bakin ƙofa, don haka a duhu zai taka. Gefen darduma ya naɗe, silifas ɗin ƙafarsa sun yi masa yawa, ƙasan banɗaki kuma da sauran ruwa. Kowanne cikin waɗannan ana iya gyara shi, yawancinsu da ɗan abu kaɗan: fitila mai ƙaramin haske da za ta kwana a kunne tsakanin gado da banɗaki, ƙarfen dafawa da aka kafe a bango kusa da masai da wurin wanka, kujerar zama a yi wanka, shimfiɗar roba mai hana santsi, takalmi mai kama dunduniya. A ɗauke ƙananan dardumomi da wayoyin wuta daga hanya. A ɗaga masai da gado yadda tashi ba zai zama kokawa ba. Idan ɗakin kwana yana sama, a sauko da shi ƙasa tun kafin dole ta sa.

Mai gina sabon gida yana da damar da wasu ba su da ita. Ƙofa mai faɗin da keken guragu zai wuce, da mashiga marar tudu, a lokacin gini ba wani abu ba ne, amma fasa su daga baya babban aiki ne. Kada kuma a tsaya ga bango kawai. A kai tsoho a duba idanunsa, a sa likita ya sake nazarin tarin magungunan da yake sha, a ƙarfafa masa gwiwar motsa jiki, musamman irin wanda ke ƙara wa ƙafa ƙarfi da daidaita tsayuwa.

Zafi ma na cikin lissafi. A watan Agustan 2003 tsananin zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗakunansu. Bayan nan ne aka wajabta wa hukumomin garuruwa su ajiye rajistar masu rauni, don a riƙa tuntuɓarsu idan zafi ya tsananta.

Wane irin taimako ake kawo wa mutum har gida?

Hawa-hawa ne. Akwai na aikin gida: shara, wanki, cefane, kawo abinci. Akwai na jiki: wanka, sa tufafi, kai mutum banɗaki. Akwai na ma'aikatan jinya: wanke gyambo, allura, lura da magani. Sannan akwai cibiyoyin wuni, inda ake kai tsoho da safe ya yi hira da motsa jiki, a maido shi da yamma.

Yadda ake yin aikin ya kai aikin kansa muhimmanci. Ƙungiyar Buurtzorg da wani ma'aikacin jinya, Jos de Blok, ya kafa a Holan a 2006, ta raba ma'aikatanta ƙananan rukunai da ba su wuce mutum 12 ba, kowane rukuni da unguwarsa. Tsoho yana ganin fuskokin da ya sani, ba yau wannan gobe wancan ba, kuma wadda ta saba zuwa ita za ta lura cewa yau bai taɓa abincinsa ba. A Danmak kuwa, tun 2015 doka ta ce a fara gwada horar da mutum na ɗan lokaci ya koma yi wa kansa abin da ya gagare shi, kafin a ɗora shi kan taimako na dindindin. Wannan ya yi mini daidai ƙwarai. Iyali saboda tausayi sukan karɓe komai daga hannun tsoho, har ɗaura maɓallin riga, kuma abin da aka daina yi da wuri yake ɓacewa.

Akwai wani abu tsakanin gida da gidan kula?

Akwai. Wasu gidaje ne da aka gina a haɗe, kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma da ma'aikaci a kusa dare da rana. A Singafo an gina Kampung Admiralty, inda gidajen tsofaffi da asibiti da wurin renon yara da kantuna suke cikin gini ɗaya, gwamnati kuma tana ba da tallafi ga masu sayen gida kusa da iyayensu. A garin Deventer na Holan wani gidan tsofaffi ya ba ɗalibai ɗakuna kyauta, su kuma su ba da awa 30 a wata suna zama da mazauna gidan. Duk maganin kaɗaici ake nema, wanda ke cin tsoho ko da cikinsa a ƙoshe yake.

Idan cutar mantuwa ta shigo fa?

Nan ne lissafi ke sauyawa. Sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita a duniya, ana kuma samun sabbi kusan miliyan 10 duk shekara. Da farko gida ya fi, domin sabon wuri ƙara rikita mai cutar yake yi. Amma idan ya kai ga barin wuta a kunne, ko fita cikin dare ya ɓata, ko ya daina gane mai kula da shi, mutum ɗaya ba zai iya tsaronsa awa 24 ba. Hogeweyk da aka buɗe a Holan a 2009 ta nuna cewa ko a wannan mataki ba lallai ne a kulle mutum a ɗaki ba: unguwa ce guda mai shinge, da tituna da kanti da lambu, mazauna suna yawonsu, ma'aikata na tare da su cikin kayan gida.

Wa zai biya?

Jamus ta kafa inshorar kula ta dogon lokaci a 1995, ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa na zuba nasa. Wanda ya cancanta zai iya zaɓar a turo masa ma'aikata ko a ba shi kuɗi idan dangi ne ke jinyarsa, kodayake inshorar ba ta ɗauke duka nauyin. Japan ta bi baya a 2000: kowa na fara biya daga shekara 40, ana auna buƙatar tsoho a sa shi a ɗaya daga matakai bakwai, a haɗa shi da jami'in da zai tsara masa kulawa, shi kuma ya biya kashi 10 cikin ɗari, masu hali su biya 20 ko 30. Koriya ta Kudu ta yi tata a 2008. Wasu ƙasashen ta kan 'ya'ya suka bi: Singafo a 1995 da Indiya a 2007 sun ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ɗaukar nauyinsu. Doka irin wannan tana iya fitar da kuɗi daga aljihun ɗa, amma ba ta samar da wanda zai juya mara lafiya a gado cikin dare. Inda babu ko ɗaya, nauyin kan iyali yake faɗawa, galibi kan mace guda.

Ita mai jinyar wa ke kula da ita?

Sau da yawa babu kowa, kuma nan ne zaman gida ya fi rushewa. Matar da ta bar aikinta, barcinta ya zama gutsi-gutsi, bayanta na ciwo saboda ɗaga mutum, ba a jima ita ma ta kwanta. Tana buƙatar a koya mata yadda ake ɗagawa da juyawa, a karɓe ta na wasu kwanaki ta huta, 'yan'uwan da ke nesa kuma su ɗauki rabo bayyananne maimakon gaisuwar waya. Wannan ya shafi lafiyar tsohon kai tsaye. Mutum ɗaya cikin shida masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, kuma gajiyar mai jinya na cikin abubuwan da ke buɗe wannan ƙofa.

In ya zama dole a kai shi gidan kula, me za a duba?

Da farko a cire jin cewa an yar da shi. Wani lokaci nan ne zai samu kulawar da gida ya kasa bayarwa. Amma a sa ido sosai, domin a binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata, biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa muzguna wa wanda suke kula da shi. A je ba tare da sanarwa ba, a je lokacin cin abinci. A tambayi ma'aikata nawa ke kwana da mutum nawa, da kuma shekara nawa suka yi a wurin. A lura ko zarnin fitsari ya kama ɗakuna, ko ana ɗaure mutane a kujera, ko kowa na gyangyaɗi da rana tsaka saboda magani. A nemi ganin lasisi da rahoton masu sa ido na hukuma. A zaɓi wuri na kusa da za a iya leƙawa a kai a kai, a tafi masa da kujerarsa da hotunansa, a kuma kai shi ya ga wurin da idonsa kafin a sa hannu a kowace takarda.