Dabbar ta jiha ce, dajin na wani ne: dokar farautar elk a gaɓar Oregon da Washington

A yammacin Amurka, inda tsaunukan jihohin Oregon da Washington suke gangarowa zuwa tekun Fasifik, akwai wani daji mai duhu wanda ruwan sama ba ya ɗaga masa ƙafa. A nan dabbar da ake kira elk ɗin Roosevelt take zaune. Dangin barewar ƙasashen sanyi ce, mai ƙaho rassa-rassa da yake zubewa kowace shekara ya sake tsirowa. Ƙosasshen bijimi yakan kai kilo 400 ko ya zarce, wato ya fi gwankinmu nesa ba kusa ba. A 1897 masanin dabbobi C. Hart Merriam ya raɗa mata sunan Theodore Roosevelt, tun kafin ya zama shugaban ƙasa.

Wanda ya tashi ya ga farautar gida, ta gayya da karnuka da kiɗan tauri, zai ɗauka shirin tafiya bai wuce gyaran bindiga da haɗa guzuri ba. A can rabin shirin takarda ce, kuma wanda zai shiga daji a Nuwamba tun watan Mayu yake fara lissafi.

Tushen abin guda ne. A dokar Oregon, naman daji dukiyar jiha ce. Ko a tsakiyar gonarka elk ya kwana, ba naka ba ne sai hukuma ta ba ka izini. Ita kuwa ƙasar da dabbar take takawa tana da nata mai ita daban. Saboda haka izini biyu maharbi yake nema: na dabba daga hukumar kifi da namun daji ta jihar, na shiga daji daga mai dajin. Samun ɗaya ba ya ba ka ɗayan.

Wannan tsanani yana da dalili. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi wa elk kisan kiyashi, wasu don nama da fata, wasu don haƙora biyu kacal da ake yin ado da su, a bar gawar ta ruɓe. Jihar Washington ta dakatar da farautarsa a 1905. A 1909 Roosevelt, yana shugaban ƙasa, ya keɓe yankin tsaunin Olympus da ke jihar Washington, kuma kare wannan dabba yana cikin manyan dalilansa. Wurin ne ya zama gandun ƙasa na Olympic a 1938, inda har yau ba a farauta. Oregon ma ta rufe farautar shekara da shekaru, sai a shekarun 1930 ta sake buɗewa. Kusan kowace ƙa'ida da za ka gani a ƙasa tabon wancan zamani ne.

To, izinin dabba. Takarda biyu ce. Akwai lasisin farauta, wanda yake nuna kai maharbi ne a wannan shekara. Sai tikitin elk, wanda yake ba ka dabba ɗaya tak, a yanki kaza, cikin kwanaki kaza, da makami kaza. Lasisi ba tikiti bai ba ka damar harbin elk ba. Kuɗin ya danganta da ko kai ɗan jiha ne. A Oregon sai ka yi wata shida kana zaune kafin a lissafa ka ɗan gida, a Washington kwana 90. Baƙo a Oregon yana biyan abin da ya ninka na ɗan gida fiye da sau goma a kan tikitin elk, kuma “baƙo” a nan har da Ba'amurken da ya tsallako daga Kalifoniya.

Tikitin kansa kashi biyu ne. Akwai na gama-gari, wanda kowa zai saya, muddin bai bari ranar ƙarshe ta wuce ba. Ga masu bindiga a Oregon, ranar ita ce jajibirin buɗe farautar. Ka wayi gari ranar buɗewa ba ka saya ba, ka makara. Farautar bindiga ta gama-gari a gaɓar Oregon zango biyu ce a Nuwamba, na farko kwana 4, na biyu kwana 7, kuma ɗaya za ka zaɓa. Masu kwari da baka su ne suka fi morewa, suna da kusan wata guda daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba, daidai lokacin barbara, sa'ad da bijimai suke kuka suna tona asirin inda suke. A Washington tun wurin saye za ka faɗi gabas ko yammacin jihar, ka kuma faɗi makami: bindigar zamani, baka, ko bindigar da ake ɗurawa ta baki, 'yar uwar adakarmu.

Kashi na biyu shi ne na ƙuri'a, kuma a nan ne ake kai ruwa rana. Yankunan da aka taƙaita yawan maharba, da mafi yawan izinin harbin mace, sai ta wannan hanya. A Oregon ana rufe karɓar buƙata ranar 15 ga Mayu, sakamako ya fito a Yuni. Idan ba ka samu zaɓinka na farko ba, sai a rubuta maka maki ɗaya. Kashi 75 cikin ɗari na tikitoci suna zuwa ga waɗanda suka fi tara maki, sauran kashi 25 a jefa su cikin kowa da kowa. A ganina tsarin ya yi adalci: mai haƙuri layi zai zo kansa, sabon shiga kuma ba a rufe masa ƙofa ba. Amma baƙo ya san cewa bai wuce kashi 5 cikin ɗari na tikitin elk na ƙuri'a ake ware wa irinsa ba.

Ga ɗan uwanmu da yake Amurka da bizar karatu ko ta ziyara, akwai wani shinge kafin waɗannan duka. Dokar tarayya ta haramta wa mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan togaciya, kuma babbar cikinsu ita ce mallakar ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Wato lasisi ne farko, taɓa bindiga daga baya, ko da ta aro ce. A Washington kuma, duk wanda aka haifa bayan 1 ga Janairun 1972 sai ya nuna shaidar ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar masa da lasisin farko. Oregon 'yan ƙasa da shekara 18 ta ɗora wa wannan.

Yanzu ga izini na biyu, wanda ya fi yi wa baƙi kwanton ɓauna. Daga kan hanya dajin duk iri ɗaya ne, itatuwa ne dogaye a cushe. A taswira kuwa yanka-yanka ne. Akwai gandun jiha irin su Tillamook da Clatsop, akwai gandun tarayya na Siuslaw, waɗannan a buɗe suke ga mai tikiti. Akwai kuma makeken dajin kamfanonin katako. Wasu suna barin a shiga a ƙafa kyauta, wasu irin Weyerhaeuser suna sayar da izinin shiga wasu yankunansu, kuma adadin a ƙayyade yake. A kudu maso yammacin Oregon abin ya ƙara rikicewa, domin filayen da gwamnati ta ba wani kamfanin jirgin ƙasa a 1866, ta kuma karɓe daga baya, sun bar ƙasar kamar allon dara: wannan murabba'in mil na gwamnati, na kusa da shi na kamfani, ba shinge, ba alama. Sanin inda ƙafarka take nauyi ne a kanka. Ko ka harbi dabba a filin gwamnati ta gudu da rauni ta faɗi a na wani, ba ka da ikon bin ta sai ka nemi izininsa.

Ga kuma gobara. Farautar baka tana buɗewa ne a lokacin da dajin ya fi bushewa, kuma kamfanoni sukan garƙame ƙofofinsu idan haɗarin wuta ya ƙaru. Mutum zai yi tanadin shekara, ya ɗauki hutu, ya yi tuƙi cikin dare, ya iso da asuba ya tarar da sandar ƙarfe a gicciye da kwaɗo da 'yar takarda a manne. Tikitinsa yana nan daram, amma ba ya buɗe wannan kwaɗon. Shi ya sa masu wayo suke tanadar wuri na biyu da na uku a gandun gwamnati.

A ce ka wuce duk wannan, ga ka a daji. Harbi yana halatta ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Ba fitila, ba kare, ba jirgi marar matuƙi, ba harbi daga cikin mota ko a tsallaken hanyar jama'a. Bindigar zamani kada bakinta ya gaza lamba .24, wato kimanin milimita 6. A Washington dole mai bindigar zamani ya sa tufa mai launin lemu ko ruwan hoda mai ƙyalli, aƙalla inci 400 murabba'i, daga ƙugu zuwa sama, yadda za a hango shi ta kowane ɓangare. Oregon yara kawai ta tilasta wa, amma a dajin da ba ka ganin abin da ya wuce taku ashirin, babban da ya ƙi sawa da ransa yake wasa. Abin da zai fi ba maharbin gida mamaki shi ne haramcin harbe wa wani. Ku biyar kuka fito da tikiti biyar, ba a yarda gwaninku ya kayar da biyar ɗin ku raba ba. Kowa da hannunsa.

Sai ƙidayar ƙaho. A mafi yawan yammacin Washington, bijimin da ya halatta a farautar gama-gari shi ne mai rassa aƙalla uku a ƙaho ɗaya, kuma reshe ba ya shiga lissafi sai ya kai inci ɗaya. A Oregon kowane yanki da nasa: wani kowane bijimi, wani mai rassa uku, wani kuma sai matashi mai ƙaho miƙaƙƙe marar reshe. Ka ɗauka gari ya fara wayewa, hazo ya kwanta a wani fili da aka sare itatuwansa, yayyafi ya jiƙa gilashin madubin hangenka. Garke ya fito kiwo a bakin kurmi. Ga wani da ƙaho, amma ya sunkuyar da kai cikin ganye, reshe biyu kake gani, na ukun ko ƙaho ne ko busasshen itace ne da ke bayansa. Daƙiƙa goma gare ka kafin iska ta juya su shaƙi ƙanshinka. Doka ba ta san “na zata” ba. Idan ba ka ƙirga ka tabbatar ba, sauke bindiga.

Dabba ta faɗi, aikin doka bai ƙare ba. Nan take za ka cike tikiti ka ɗaura a jikinta. A Oregon, tun 2019 ana iya yi ta manhajar waya, sai ka rubuta lambar da ta ba ka a wani abu da ruwa ba ya gogewa ka ɗaura. Za ka bar shaidar jinsin dabbar tare da naman har ka isa gida ko wurin mahauci. Kuma laifi ne ka yanke ƙaho ka bar nama. Cinyoyi, ƙafafun gaba, naman gadon baya, duk sai sun fita daga daji, a Oregon har da naman wuya. Wannan ƙa'ida ita ce ya kamata ta tsara maka nisan da za ka shiga. Naman bijimi, ko an zare ƙashi, yakan haura kilo 100, kuma a bayanka za ka ɗauko shi, sawu huɗu ko biyar, kana hawan gangare mai santsi. A zafin Satumba nama ba ya jira. Wanda ya kutsa kilomita takwas shi kaɗai ya harbi bijimi a ƙasan kwazazzabo ya ɗauko wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma idan naman ya lalace shi za a tuhuma. Kyauta dai za ka iya yi da shi, amma sayar da naman daji haramun ne.

Masu sa ido a Oregon wani sashe ne na 'yan sandan jiha, kuma akwai lada ga wanda ya tona asirin ɓarawon farauta, ko kuɗi ko makin ƙuri'a. Ban da tara da ƙwace bindiga, jiha tana iya neman diyyar dabbarta, wadda ta kai dala 15,000 a kan bijimi mai rassa shida a ƙaho ɗaya. Idan aka dakatar da lasisinka, wata yarjejeniya tsakanin jihohi tana sa dakatarwar ta bi ka kusan ko'ina a ƙasar. Ka tsallaka iyakar jiha da naman da aka samu ta haramtacciyar hanya kuwa, ka faɗa hannun dokar Lacey ta 1900, magana ta koma ta tarayya. Ko halastaccen nama ne, jihohi da dama, ciki har da Kalifoniya, ba sa barin a shigo da ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya, saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da take kashe dangin barewa.

Idan ka haɗu da 'yan asalin yankin, irin su Quinault ko Makah, suna farauta a ranar da taka kakar take rufe, kada ka yi saurin zargi. Yarjejeniyoyin da kakanninsu suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1855 da 1856 sun bar musu haƙƙin farauta, kuma suna da nasu dokokin da nasu masu sa ido.

Saura abu ɗaya bayan ka dawo gida. Ko ka kashe, ko ka dawo hannu rabbana, ko ma ba ka taka dajin ba, sai ka kai rahoto: kwana nawa ka yi, a wane yanki, me ka samu. Da waɗannan alƙaluma hukuma take yanke yawan tikitin baɗi. Ranar ƙarshe ga farautar kaka ita ce 31 ga Janairu a jihohin biyu. Wanda ya manta, idan ya zo sayen wani lasisin zai tarar da tara tana jiransa, dala 25 a Oregon, dala 10 a Washington.